Darbejiya a Fagge da Sabon Gari, da Itatuwan da Ta Gada

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Wambai, ya ratsa Fagge, ya bi ta Kantin Kwari har ya faɗa Sabon Gari, in ya ɗaga kai ya lura da ’yan itatuwan da suka yi saura a bakin hanya, da harabar makarantu, da tsofaffin ofisoshi, da maƙabartu, zai iske mafi yawansu iri ɗaya ne, watau darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro. Saboda tsananin sabo da ita, da wuya ka sami saurayi a yau wanda zai yarda da kai in ka ce masa baƙuwa ce, alhali kuwa ba ta cika shekara ɗari a ƙasar nan ba, kuma kakannin kakanninmu da suka yi fatauci a waɗannan wurare sun rayu sun mutu ba su taɓa zama a inuwarta ba, ba su san ɗacin ganyenta ba.

Kafin a yi maganar zuwanta, ya wajaba a faɗi abin da ta tarar. Littafin tarihin sarakunan Kano ya buɗe ne da labarin itace, domin ya ruwaito cewa mutanen Dala, a zamanin Barbushe, suna bautar Tsumburbura a gindin wata itaciya da aka kewaye da katanga, wadda ba mai shiga wurinta sai shi, kuma akwai wani kurmi mai duhu a bakin ruwan Jakara wanda suke girmamawa, suna karanta alamun musiba ko na lafiya daga halin da ya shiga. Ruwayar ta ci gaba da cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, babban malamin nan da ya zo Kano, wanda masana suka ce shi ne Shehu Magili, ya yi umurni da a sare itaciyar da ake tsafi da ita, a gina hasumiyar masallaci a gurbinta. To, amma saran itaciyar tsafi daban, ƙin itatuwa daban. Musulunci da ya kafu bai rage wa itace daraja ba, sai ma ya ƙara masa, tun da yake malamai suna karantar da cewa dashen da mutum ya yi, muddin ɗan Adam ko dabba ko tsuntsu na ci daga gare shi, sadaka ce mai gudana. Shaidar yawan itatuwan da ke ƙasar Kano a dā tana nan a sunayen unguwanni da kasuwanni, kamar Kurna, da Giginyu, da Durumin Iya, da Kasuwar Rimi, waɗanda har yanzu ake ambatonsu kullum, ko da yake mai neman itatuwan da suka ba su suna zai sha yawo.

Ita Fagge, bisa ga abin da aka gada daga bakin magabata, tun zamanin Rumfa ɗin nan take zangon baƙi a wajen ganuwa, inda Buzaye da Azbinawa suke sauke ayarinsu na gishirin Bilma da dabino da kanwa, su huta, su yi ciniki a Kasuwar Kurmi, sa’an nan su ɗora wa raƙumansu hatsi da turkuɗi da fatu su koma arewa. Zango kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwa da inuwa da abin kiwo. Ruwan yana Jakara, wadda ta fito daga cikin birni ta bi ta gefen Fagge ta nufi arewa maso gabas. Inuwar da abin kiwon kuma suna ga itatuwan da Allah ya hore wa wannan ƙasa, irin su gawo da aduwa da bagaruwa, waɗanda raƙumi ke miƙa wuya ya ci duk da ƙayarsu, da kuka da tsamiya da ɗorawa da rimi da ɗinya da kanya da marke, da gamji da ceɗiya da durumi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin lissafa sunaye kaɗai ba ya nuna girman al’amarin. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan itatuwa tana riƙe da wata sana’a ko wani sashe na abincin gari. Majema ba su da jima sai da ’ya’yan bagaruwa, kuma da su aka jeme jajayen fatun awakin nan da suka ratsa Sahara har suka yi suna a kasuwannin Turai. Allon da almajiri ke rubutu a kai an fi sassaƙa shi daga aduwa, tawadarsa kuma da ƙaro ake haɗa ta. Audugar rimi ita ake cusawa a lifidin dawaki da matasan kai. Giginya ke ba magina azara, wadda gara ba ta iya mata, kuma da ita aka ɗaure rufin soraye da bakan gizo na gidajen sarauta. Tsamiya, ban da kunun da ake sha a watan azumi, tsutsar da ke cin ganyenta tana saƙa wani irin siliki wanda ake kaɗawa a yi wa manyan riguna aiki. Ɗorawa ta ba da gari ga yara, ta ba da kalwa ga mata masu daddawa. Kuka ta ba da miya, ta ba da igiya daga ɓawonta. Gawo kuwa, hikimar da ke cikinsa ta isa mai tunani ya yi tasbihi, domin shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke bukatar rana, ya kuma tofo da rani, lokacin da dabbobi ke bukatar inuwa da abinci, har ya zama gero da dawar da ke gindinsa sun fi na sauran gona kyau. Saboda wannan amfani ne al’ada ta bambanta mallakar ƙasa da mallakar itacen da ke kanta, har a kan raba gado a ce gona ta wane ce, amma ɗorawar da ke cikinta ta wance ce.

A watan Fabrairu na 1903 rundunar Ingilishi ta ci Kano, a 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso, daga nan sai fuskar ƙasar da ke gabas da ganuwa ta sake baki ɗaya cikin ’yan shekaru. A 1913, zamanin Sarki Abbas, aka yanka Sabon Gari domin ma’aikatan jirgi da akawuna da ’yan kasuwa da suka zo daga kudu, da waɗansu daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Aka ja mata tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, aka raba filaye daidai wa daida. Kwarori suka kafa kantunansu a kudancin Fagge, kamfanonin Turawa suka jera ɗakunan ajiya kusa da tasha, su kuma masu mulki suka keɓe kansu a Nasarawa da Bompai, bisa dokar da ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Bature da na baƙar fata, wai don tsoron sauro. Mai auna titi da igiya ba ya kauce wa kuka, kuma filin da za a tara dalar gyada, irin wadda Alhasan Ɗantata ya shahara da ita, dole a share shi ƙal.

Wani abin lura shi ne, shekarar da aka yanka Sabon Gari ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba. Talakawan da suka tsira da rayukansu, da yawa daga cikinsu sun tsira ne da abin da itatuwan ƙasa suka ba su, na ganye da ’ya’ya da saiwa, domin ita itaciya mai zurfin jijiya ba ta mutuwa don damina ɗaya ta ɓaci. Wannan shi ne amfanin da ba a tunawa da shi sai ranar tsanani, kuma shi ne wanda babu wani ma’aunin Bature da ya sa shi cikin lissafi.

Da jama’a ta yi yawa a Waje, watau unguwannin da ke wajen ganuwa, sai bukatar itacen girki ta ƙaru fiye da yadda jakunan ƙauye za su iya kawowa, ga tituna tsirara ba inuwa, ga ƙura da hunturu. Ma’aikatan gandun daji suka shiga neman iri mai saurin girma, mai jure fari, wanda in an sare shi zai sake tofowa, tun da yake kuka da tsamiya da ɗorawa ba sa biyan bukatar mai gaggawa, wanda ke so ya ga sakamakon aikinsa kafin a yi masa canjin wuri. Abin da suke nema suka same shi a darbejiya. Asalinta daga ƙasar Indiya da Bama take, inda aka daɗe ƙwarai ana magani da ita. An kawo ta Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar daga 1919 zuwa 1927, daga can kuma aka kawo ta lardin Barno a 1928. Da aka ga yadda ta karɓi rairayin Barno, sai aka yi ta yaɗa ta zuwa Sakkwato da Katsina da Kano cikin shekarun da suka biyo baya, galibi ta hannun En’e, a zamanin da Sarki Abdullahi Bayero ke kan gadon Dabo, watau daga 1926 zuwa 1953. Aka dasa ta layi layi a bakin hanyoyi, da kasuwanni, da makarantu, da asibitoci, da barikoki, ana kewaye kowane dashe da ƙaya, ana ɗora wa masu unguwanni da dagatai alhakin ba shi ruwa. Unguwannin da suka fi dacewa da wannan tsari kuwa su ne na Waje, domin lungunan cikin birni ba su da faɗin da za a jera itace, amma titunan Sabon Gari da na Fagge ta kudu kamar don haka aka yanka su.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a wannan karo raɓar ce ta zauna, kabar ta kau. Dalilin haka yana cikin halittar itaciyar kanta. Jijiyarta tana nutsawa ƙasa ƙwarai, ga waɗansu kuma masu yaɗuwa a sama suna tsotse ɗan danshin da ya samu. Ganyenta ba ya ƙarewa ko a tsakiyar bazara, lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Awaki ba su cika damunta ba saboda ɗaci. Kuma cikin ’yan shekaru kaɗan take fara ’ya’ya. Wanda ya taɓa kwana a tsakar gidan da ke da darbejiya lokacin da ’ya’yanta suka nuna suka yi rawaya, ya san hayaniyar jemagu a kanta tun daga magariba har asuba, kuma da safe zai ga ƙwallayen da suka tsotse suka yar, farare, warwatse a gindin katanga da bakin kwata da kan rufi. Jemagun nan da tsuntsaye su ne suka karɓi aikin daga hannun malaman daji, suka yi shi ba albashi. Inda duk tsuntsu ke sauka, nan darbejiya ke tsirowa, shi ya sa za ka ga tsohuwar kuka ko tsamiya a maƙabarta ko a kango, ’ya’yan darbejiya sun yi mata zobe, sun taso a inuwarta, suna rabon ruwa da ita, har su kere ta. Ƙarƙashin darbejiya mai duhu kuma ciyawa ba ta cika yin kirki ba, balle ɗan tsiron ɗinya ko na kanya ya sami sararin tashi.

Ba za a yi mata adalci ba in aka ɓoye alherinta. Talakan Fagge da na Sabon Gari, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, ya san a tafasa ganyenta a yi sirace, a lulluɓa da bargo har gumi ya karyo, in zazzaɓi ya kama shi. Ya san a karyi reshenta a yi asawaki. Mata sun san a sa busasshen ganyenta cikin hatsi ko cikin adaka don ƙwari. Masassaƙa sun sami katako wanda gara ba ta cika so ba. Masu faci da masu wankin hula da teloli da masu shayi, da malamin da ke karantar da yara da hantsi, duk a inuwarta suka kafa sana’a. Masana na Turai ma sun tabbatar da abin da Indiyawa suka daɗe da sani, domin a 1959 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar na darbejiya, a 1968 kuma aka tace sinadarin da ke hana ƙwari cin ta. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, daga 1975, layukan darbejiya aka dasa suka tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. Alhazanmu kuma sun san ita ce ke yi musu inuwa a filin Arfa, inda aka dasa dubbanta. Itaciyar da ta yi wa mahajjaci inuwa a ranar tsayuwa ba a yi mata butulci.

Amma fa inuwa ba ta maye gurbin abinci. Darbejiya ba ta ba da miya, ba ta ba da daddawa, ba ta jima, ba ta ciyar da shanu da rani yadda gawo ke yi, kuma in aka yi fari babu abin da mai yunwa zai samu a kanta sai ɗan zaƙin da yara ke tsotsa a bayan ƙwallo. Garin da ya musanya itatuwa iri ashirin da iri ɗaya ya jingina inuwarsa duka ga lafiyar wannan ɗayan, hatsarin haka kuwa ya bayyana a shekarun 1980, sa’ad da wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa darbejiya a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Cadi, sa’an nan a farkon shekarun 1990 aka ga tana bushewa daga sama a wurare da yawa na Nijar, har hankalin hukumomi ya tashi. Allah ya taƙaita abin, amma ya isa ishara.

A ganina, duk da haka, kuskure ne a ɗora wa darbejiya laifin da gatari ya yi. Ba ita ta sare rimin ba, ba ita ta cike fadamar ba; wuri ta tarar an share, ta zauna. Kuma baƙunci a kan kansa ba aibi ba ne ga tsiro, in ba haka ba da sai mu kori gyada da masara da rogo da barkono da tumatir, waɗanda duk asalinsu daga nahiyar Amurka suke, mu haɗa da mangwaro, wanda ƙasarsu ɗaya ce da darbejiyar. Abin da tarihi ke nunawa shi ne, tsiro ko ƙwaro ba ya mamaye wuri sai ya iske an buɗe masa ƙofa. Misalin da ya fi kusa shi ne ciyawar ruwan nan da ake kira kacalla. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma gama ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bin tsohuwar al’adarsa ta cika da damina da ƙafewa da rani, ya koma gudana duk shekara; kacalla kuwa, wadda ƙafewar rani ke taka mata birki a dā, sai ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mafakar jan baki masu cinye hatsi. Haka nan a 2016 wata ’yar tsutsa ’yar asalin Amurka ta Kudu, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta iske kadada dubbai a Kadawa da Kura an shuka tumatir zalla, ta share su cikin ’yan makonni, har masana’antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya, kuma matan Sabon Gari da na Fagge suka ji abin a farashin kwando. In aka gwada darbejiya da waɗannan, sai a ce ita baƙuwa ce mai ladabi.

Ita kanta Jakara, wadda kurminta ya kasance abin tsoro ga mutanen Barbushe, ta zama magudanar ƙazantar birni da ta mahauta, an ɗaure gefenta da siminti, an ma rufe wani sashe nata da titi. Kududdufan da a dā suke cike da bado da kainuwa da kwaɗi, waɗanda suke shanye ruwan sama su hana ambaliya, an cike mafi yawansu da shara an yi gini a kai. Sai can wajen Kwakwaci da gaba ne masu lambu ke jan ruwan da ya rage suna noman latas da kabeji da alayyafo, suna kawowa kasuwa da sassafe.

Yanzu kuma ga shi abin da ya sami kuka da rimi ya fara samun darbejiyar. Ƙasa ta yi tsada a Fagge da Sabon Gari har ta kai inda taku biyar na bakin titi ya fi ƙarfin a bar wa itace, saboda haka duk lokacin da aka faɗaɗa hanya, ko aka rushe tsohon gida don a ta da bene mai shaguna, manyan darbejiyoyin zamanin En’e ne ke fara faɗuwa, masu injin yanka su mai da su katako da itacen gidan burodi. Masu sayar da dashe a bakin hanya kuwa, abin da aka fi nema a wurinsu shi ne itatuwan ado da ba sa cin wuri, wata siririya mai tsawo daga Indiya, wata mai rassa hawa hawa daga tsibirin Madagaska, da turare ɗan Ostireliya. Kuka da kalwa da tsamiya da ’ya’yan bagaruwa har gobe ana sayar da su a kasuwar Sabon Gari da ta Kurmi, buhu buhu, amma a mota ake kawo su daga ƙauyuka, kuma kowace shekara ƙauyen da ake zuwa ɗaukowa yana ƙara nisa.